Dayod Biyu da Muryar Sabo Mai Shela

Shekara ashirin da bakwai Sabo yana shela a kasuwar Wudil. Duk ranar Juma'a, idan hantsi ya ɗaga, sai ya hau wani ɗan tudu da ke gaban rumfar Dattijo, mai kula da kasuwa, ya dafe kunnensa na dama, ya buɗe baki. Wanda akuyarsa ta ɓata, da wanda ya tsinci ɗankunne, da ranar da masu allurar shanu za su zo, duk daga bakinsa ake ji. A da, in ya yi kira, har masunta da ke bakin kogi sukan ɗago kai.

Sai abu biyu suka haɗu masa lokaci guda. Muryarsa ta dishe. Ba mura ba ce, tsufa ne da yawan aiki. Ya sha zuma, ya sha citta da kanumfari, ya daina ruwan randa, duk ba ta dawo ba. Ita kuma kasuwar ta canza. Tun da aka yi ƙarin albashin nan na Udoji kuɗi suka shigo hannun mutane, kowa ya sayi abu mai ƙara. Babura suka cika hanya, aka kafa injinan niƙa uku a jere, masu sayar da kaset kowa ya ƙure rikodarsa, ga manyan motocin da ke ɗaukar shanu zuwa Kudu suna ta danna hon. Sabo na shela, mai goron da ke zaune gabansa na cewa, "Na'am? Me ka ce?"

Wata Juma'a da la'asar Dattijo ya kira shi cikin rumfa. Suka gaisa, suka tambayi iyali da gajiya da zafi, sannan Dattijo ya yi gyaran murya.

"Sabo, ba na son in ɓata maka rai. Amma makon jiya ka yi shelar allurar shanu, ko mutum ɗaya bai ji ba a kara, wurin masu shanu. Masu allura suka zo, suka zauna, suka tafi."

Sabo ya sunkuyar da kai.

"Ga abin da za mu yi. Juma'a mai zuwa zan je can ƙarshen kara, gindin tsamiya, in tsaya. In na ɗaga lemata, Bilya ya yi shela. In na sake ɗagawa, kai ka yi. Wanda na ji maganarsa, shi ne mai shelar kasuwa."

Bilya kamasho ne a tashar mota, kuma taubashin Sabo ne, ɗan gwaggonsa. In ya ce "Kano! Kano! Saura mutum ɗaya!" mutane kan rantse cewa ana jiyo shi har can garin Utai. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba, yanzu kuma ga shela ta shiga tsakani.

Labari ya zaga gari. Ya kai kunnen wani ɗan kwangila da Sabo ya taɓa yi wa shelar dawowarsa daga Makka har sau biyu. Mutumin ya sayi sabuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara murya, 'yar ƙarama daga Kano, tsohuwar kuwa tana jibge a zaurensa, kaji na kwana a kanta. Ya aiko wa Sabo da ita kyauta, da lasifikarta da makirfo. Nauyinta ya kai na buhun gero. A amalanke aka tura ta zuwa shagon Hadi.

Hadi ƙanin Barakatu ne, matar Sabo. Ya koyi gyaran rediyo a Kano, ya dawo gida ya buɗe shago, yana kuma cajin batir da wani ƙaramin janareta mai yawan tari. Ya kwance murfin amfilifayar, ya hure ƙura da gashin kaza, ya daɗe yana dubawa. A ciki akwai kwalabe shida a tsaye, ga wani dunƙulen ƙarfe baƙi a gefe.

"Yaya Sabo, wannan ta girme ni."

"To ka gaishe ta mana. Za ta yi magana?"

"Za ta yi. Amma zauna in nuna maka inda ciwonta yake."

Sabo ya zauna a kan benci. Hadi ya ɗauki sukundireba yana nuni.

"Waɗannan kwalaben su ake kira bawul. Biyar ɗin nan su ke ɗaukar muryarka su ƙara mata ƙarfi. Wannan babbar ta gefe ba ruwanta da murya, aikinta tsaron ƙofa. Wutar janareta ba ta bin gefe ɗaya, zuwa take ta dawo, zuwa ta dawo, kamar ƙoshiyar masaƙi. Su kuwa sauran bawul ba sa cin irin wannan, sai wadda ta miƙe hanya ɗaya. To ita babbar, in wuta ta zo shiga sai ta buɗe, in ta juya za ta koma sai ta rufe."

"Ashe 'yar sanda ce."

"Tsohuwar 'yar sanda. In ta gaji, ko zafi ya yi mata yawa, sai tartsatsi ya tsallaka a cikinta, ƙofa ta buɗe ta ko'ina. Daga nan wuta ta afka wa wannan." Ya ƙwanƙwasa baƙin dunƙulen ƙarfen. "Taransifoma. In ta ƙone, magana ta ƙare. Ba ni da irinta, ban kuma san mai ita ba."

"Ka sa sabon bawul ɗin mana."

"Na aika Sabon Gari a nemo, sun ce sai bayan mako biyu. Kowa ya koma kan sababbin na'urori, ba a cika kawo su ba."

Sabo ya ƙirga kwanaki a yatsunsa. Mako biyu ya wuce Juma'a nesa ba kusa ba.

Hadi ya jawo wani gwangwanin madara, ya zazzage shi a tafin hannu, ya tsinto abu biyu. Baƙaƙe ne, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, da siririyar waya a kowane gefe da ɗan farin zobe a kai ɗaya.

"Ga abin da za mu sa. Sunansa dayod."

Daidai nan Bilya ya leƙo shagon, don ya ji labarin amalanken. Ya dubi tafin Hadi, ya dubi Sabo, ya fashe da dariyar da ta sa gwangwanaye suka yi ƙara a kan kanta.

"Tsoho! Da kashin ɓera za ka kara da ni?"

"Fita, bawana. Wa ya ba ka izinin shiga inda ubangidanka yake?"

"Na zo ta'aziyya ne tun da wuri. Hadi, in ka gama ka sa masa guda a maƙogwaro, ko Allah zai sa a dace."

Hadi bai ɗago ba. Ya ɗora ƙarfen dalma a wuta yana jira ya yi zafi, ya ci gaba da bayani a hankali, kamar ba wanda ya shigo.

"Shi ma aikinsa ɗaya da babban bawul, wuta ta wuce gaba, kar ta dawo. Wayoyi biyu ne ke fitowa daga taransifoma zuwa ƙafafun bawul. Zan yanke kowace, in sa dayod ɗaya a tsakani. Farin zoben nan dole ya kalli bawul. In aka juya shi baya, ko tari amfilifayar ba za ta yi ba. To ka ga yanzu masu gadi sun zama biyu a kowace hanya. In tsohuwa ta faɗi, ƙananan na tsaye, taransifoma ta tsira."

Sabo ya ce, "To in ƙananan sun iya aikin, me ya sa ba za ka cire tsohuwar ka huta ba?"

"A'a. Ita tsohuwa a hankali take farkawa. In an kunna, sai ta jira sauran bawul su ɗumama kafin ta sako musu wuta. Su ƙananan ba su da wannan haƙurin, da ka kunna sai su watso ta gaba ɗaya. A bar ta da aikinta, su kuma su tsaya mata."

Maganar ta yi wa Sabo daɗi ƙwarai.

Hadi ya liƙa dayod ɗin da dalma, ya zura wa kowanne 'yar roba, ya duba zoben sau biyu. Ya tada janareta. Bawul suka fara yin ja a hankali kamar garwashi. Ya miƙa wa Sabo makirfo.

"Ce wani abu."

Sabo ya riƙe abin da hannu biyu. Ya ce, "Bilya."

Sunan ya fita ta lasifika kamar aradu. Wani jaki da ke ɗaure a ƙofar shagon ya tsinke igiya. Bilya da kansa ya ja da baya har ya taka kwanon ruwan batir. Sabo ya tashi tsaye, ya zauna, ya sake tashi. Ya ce "Bilya" sau huɗu, kowanne da irin muryarsa, har sai da Hadi ya karɓe makirfon.

"Abu ɗaya, Yaya Sabo. Ka ga ramukan nan na murfi? Ta nan take shan iska. Kar a rufe su da komai."

"Na ji, Injiniya."

Wannan ranar Laraba ce. Sabo ya ƙi yarda amfilifayar ta kwana a shago, ya sa aka tura ta gida, aka ajiye a tsakar gida kan tabarma. Barakatu ta fito daga madafi tana share hannu, ta zagaya ta sau ɗaya. Ta ga tsatsa, ta ga fentin da ya ɓare, ta ga inda kaji suka bar shaidarsu.

"Malam, a haka za ka fita da ita gaban jama'a?"

"Me ta yi?"

"Tsirara fa take."

A gidan Barakatu babu abin daraja da ke zama ba sutura. Rediyo na da rigarsa mai aljihu, agogon bango na da hularsa, har filas ɗin shayi an saƙa masa abin da ya rufe shi zuwa wuya. Ita ce kuma ke ɗinka hulunan da ake yabo a unguwar.

"Hadi ya ce iska take so."

"Hadi? Hadin da na goya? Shi zai koya min kula da kaya? Iskar kasuwa ai ƙura ce da kashin shanu. Ba ni igiya in auna."

Kwana biyu tana aiki. Ta fito da wani karan-miski kore da ta daɗe tana ɓoyo, ta shimfiɗa masa auduga a ciki don kar a buge na'urar, ta yi masa ado da zare ruwan ɗorawa irin na bakin hula, ta sa tuntaye a kusurwa huɗu. Ta bar ƙofa ɗaya ta makunni, da ƙofa ɗaya ta wayoyi. Da aka gwada rigar ranar Alhamis da yamma, Sabo ya tsaya yana kallo baki buɗe. Gaskiyar magana, ko rigarsa ta Sallah ba ta kai ta ba. Ya tuna maganar Hadi, ya ninke rigar a hankali, ya sa a jakarsa, ya ce wa kansa ai ba sai an sa ba, riƙewa kawai zai yi.

Juma'a ta zo da zafin bazara. Tun da safe Hadi ya ɗaure lasifika a kan dogon gora, taku talatin gaba da tudun Sabo, bakinta na kallon kara. Ya ɗora amfilifayar a kan tebur, ya kunna, ya gwada, ya gamsu. Janareta kuwa ya kai shi can bayan rumfunan masu tukwane da doguwar waya, don kar ƙararsa ta shiga makirfo.

"Dole in zauna wurinsa, in ba haka ba zai mutu a tsakiyar magana. Kai dai ka jira lema."

Hadi na ba da baya mutane suka fara taruwa. Suka kewaye teburin suna leƙe. Wata mai fura ta ce ita ta ɗauka murhu ne. Bilya, wanda ya riga ya haye kan rufin wata babbar mota don ya hango lemar Dattijo, ya leƙo daga sama.

"Tsoho, ko ɗan kamfai ba ka saya mata ba? Ka kawo baiwar Allah kasuwa haka?"

Aka yi dariya. Sabo ya daure. Aka sake yin dariya. Hannunsa ya shiga jaka shi kaɗai.

Da rigar ta sauka a kan amfilifayar, tuntaye suka yi lilo, sai kasuwa ta ɗauki sowa.

"Kai! Amarya!"

"Wa ya yi wannan aiki? Dubi bakin!"

Mai furar nan ta rangaɗa guɗa. Wani mai turare ya matso ya fesa wa rigar ɗan kaɗan, kyauta. Sabo ya gyara hularsa, ya tsaya kusa da teburin kamar uban amarya.

Dattijo ya fito daga rumfarsa da jar lema, ya kama hanyar kara. Daga rumfar zuwa gindin tsamiya ba ta fi tafiyar minti goma ba. Amma Dattijo mutum ne da ba ya wuce kowa. Bilya na sama yana ba da labari.

"Ya tsaya wurin masu gishiri. Suna gaisawa. Ya tambayi mutan gida. Ya tambayi mutan garin Lajawa. Ya tafi... a'a, ya dawo, ya manta bai tambayi mai jiki ba."

Lema ta matsa taku goma.

"Ga mutanen Darki sun tare shi. Su bakwai ne. Ɗaya bayan ɗaya yake yi."

Rana ta take. Sabo ya ji wani ƙamshi-ƙamshi kamar ana gasa auduga, ya ɗauka daga wurin masu tsire ne. Ya ɗora hannu a kan karan-miskin, ya janye da sauri. Ya yi niyyar cire rigar, ya dubi jama'ar da ke ta yabonta, ya ce bari dai a ɗan ƙara.

Sai da aka shafe fiye da awa ɗaya lemar ta isa gindin tsamiya. Ta ɗaga sama.

Bilya ya cika ƙirji. Ya yi shelar da aka ba su, cewa masu allurar shanu za su dawo ranar Litinin. Tantabaru suka tashi daga kan rumfuna, jarirai biyu suka fashe da kuka, jijiyoyin wuyansa suka miƙe kamar igiyar guga. Ya gama ya share gumi, ya dubi Sabo ya ɗaga gira.

Lema ta sauka. Ta sake ɗagawa.

Sabo ya ɗauki makirfo, ya dafe kunnensa na dama kamar yadda ya saba, ya ce, "Jama'a, ana gai..."

A daidai lokacin janareta ya yi tari ya zabura. Wani shuɗin haske ya walƙa ta ƙofar makunni. Aka ji "tas!" kamar an fasa kwalba. Siririn hayaƙi ya biyo ta ƙarƙashin tuntaye.

Kafin ka ce me, masu kallo sun watse. Mai fura ta bar ludayinta. Mai turare ya faɗa cikin kwandon albasa. Hadi ya taho da gudu daga bayan rumfunan tukwane, ya hango koren karan-miski, ya ɗora hannu a ka, ya fizge rigar ya jefar.

Sabo bai motsa ba. Kunnuwansa na ta shuu saboda ƙarar. Ya rufe ido, ya rungume makirfo a ƙirji, ya sunkuyo kusa da Hadi, ya yi magana ƙasa-ƙasa da dasasshiyar muryarsa.

"Shi ke nan, Hadi. Ta mutu. Rigar ce, na sani, ka faɗa min. Don Allah kar ka gaya wa Barakatu. Kwana biyu tana ɗinki, har allura ta soke ta a yatsa. Ka ce janaretanka ne."

"Janaretana?" in ji Hadi.

Sai Hadi ya ji muryarsa ta dawo masa daga tsallaken kogi: janaretana.

Sabo ya buɗe ido ɗaya. Kasuwar Wudil, ranar Juma'a, ta yi tsit. Masu kaset sun kashe rikoda. Injin niƙa ɗaya ya tsaya. Mutane daga nan har inda ido ya kai duk sun juyo suna kallon lasifikar da ke kan gora.

Can daga cikin 'yan kifi wani ya ɗaga murya. "Ba za mu gaya mata ba, Sabo!"

Dariya ta ɓarke. Ta fara daga 'yan kifi, ta bi ta masu gishiri, ta shiga kara har shanu suka fara kuka. Bilya ya kwanta a kan rufin mota yana dukan ƙarfe da tafin hannu, hularsa ta faɗo ƙasa. Sabo ya dubi makirfon da ke ƙirjinsa, ya miƙa shi nesa da jikinsa kamar ya kama maciji.

Hadi kuwa ya durƙusa yana leƙen cikin na'urar, yana dariya yana share ido.

"Yaya Sabo, kawo kunnenka, ka kuma toshe abin nan da hannu. Tsohuwa ta faɗi. Zafi ya yi mata yawa, tartsatsi ya tsallaka, gefenta ɗaya ya haɗe. Da babu ƙananan nan, da yanzu taransifoma ce ke hayaƙi. Taɓa ka ji, lafiyarta lau."

"To me ya sa ta fi ɗazu ƙara?"

"Da, tsohuwa na rage wani abu daga wutar kafin ta wuce. Yanzu ba mai ragewa. Shi ya sa ba na son ta daɗe a kunne. Ka yi abin da za ka yi mu kashe."

"Lema!" Bilya ya yi ihu daga sama, yana haki. "Lema na dawowa! Wallahi bai tsaya wurin kowa ba!"

Ba a taɓa ganin haka ba. Dattijo ya ratso kasuwa cikin minti goma, mutane na gaishe shi yana ɗaga musu hannu kawai. Wani dogon Bafulatani mai malafa na biye da shi. Ya iso yana numfashi sama-sama, ya zauna a bakin tebur, ya buɗe baki zai yi magana, dariya ta hana shi. Sai da ya sha ruwa.

"Bilya, sauko. Na ji ka, tsakani da Allah na ji ka. Amma ban san me kake cewa ba, na ɗauka mota ce ta cika." Ya juya. "Kai kuwa Sabo, har allurar da ta soke ta a yatsa na ji. Wane yatsa ne?"

"Ranka ya daɗe, a rufa min asiri."

"Wane asiri kuma ya rage? Shela taka ce. Amma ka yi wadda aka sa ka, har yanzu ba wanda ya san ranar allura."

Bilya ya diro daga mota, ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Ya matso ya leƙa cikin amfilifayar, ya daɗe yana neman dayod ɗin kafin ya gan su.

"Ni ba tsoho ne ya kayar da ni ba. Waɗannan 'yan mitsi-mitsin ne."

"Durƙusa ka gaishe su, bawana."

"Zan gaishe su. Kai kuma ka shirya abin da za ka faɗa a gida."

Bai rufe baki ba sai ga Hansai, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su Sabo, ta kutso cikin jama'a da sandarta. Gidan ba shi da nisa da bayan kasuwa. Ta tsaya gaban Sabo, ta dube shi sama da ƙasa.

"Matarka ce ta aiko ni. Ta ce a gaya maka ta ji, ita da duk matan unguwa. Ta ce shekara talatin ba ka taɓa kiran sunanta a gaban baƙo ba, yau ka kira wa shanu. Ta ce in ka dawo kwa yi magana." Ta sunkuya ta ɗauki rigar daga ƙasa, ta kaɗe ta, ta duba inda audugar ta yi baƙi. "Wannan kuma ta ce in taho da ita kafin ku ƙarasa ta."

"Iya, fushi take?"

"Da na fito dai dariya take har tana riƙe ciki. Ban san yanzu ba."

Hadi ya taɓa agogonsa. "Yaya Sabo, lokaci."

Sabo ya hau tudunsa. Ya gyara tsayuwa, ya dafe kunne, ya kawo makirfo bakinsa. Bai yi ihu ba, don ya gane ba ya bukata.

"Jama'a, ana gaisuwa. A ji, a gaya wa wanda bai ji ba. Masu allurar shanu za su zo ranar Litinin da safe, a gindin tsamiyar kara."

Daga can nesa aka ga sanduna sun ɗaga sama, alamar an ji. Bafulatanin da ya biyo Dattijo ya matso, ya ce tun safe yake neman karsanarsa, ja ce mai farin goshi. Sabo ya faɗa. Ba a jima ba aka hango wani yana kaɗa malafa daga wajen masu igiya, yana nuna bayan wata mota. Bafulatanin ya tafi da sauri ko sallama bai yi ba.

"To, madalla. Kashe za mu yi," in ji Hadi.

Amma Sabo ya ɗanɗana. Ya ce a ji, mai fura ta bar ludayinta a gaban rumfar Dattijo, ta zo ta ɗauka. Ya gai da mutanen Lajawa, ya tambaye su ya hanya. Ya gai da mutanen Darki su bakwai ɗin nan, ya ce Dattijo na ba su haƙuri bai tsaya ba a dawowa. Ya gai da masunta, masunta suka ɗaga masa filafili daga cikin kwalekwale. Ya sanar da cewa akwai wani kamasho mai suna Bilya da ke neman aiki, duk mai jakin da ba ya kuka ya zo ya ɗauke shi haya.

"Yaya Sabo!"

"Saura ɗaya, Injiniya. Jama'a, masu albasa kuma..."

Hadi ya girgiza kai, ya bi doguwar wayar nan zuwa bayan rumfunan tukwane, ya kashe janareta. Lasifika ta yi shiru. Sabo bai lura ba. Yana tsaye a kan tudu, hannu a kunne, yana ta gai da masu albasa ɗaya bayan ɗaya, su kuma da yake suna kusa, suna ta amsawa.